Mai Sanarwar Rasuwa na Kore Mairuwa

Yayana Idris shekara talatin ya yi yana koyarwa a lakwal ɗin Kore Mairuwa, makarantar bokon garinmu, shi ya sa kowa ke ce masa Mushe Idris, wato Malam Idris a bakin masu Faransanci. Da ya yi ritaya sai ya ɗora wa kansa aikin da ba wanda ya sa shi: ya buɗe shafi a intanet yana sanar da rasuwa, saboda 'yan garinmu da ke ci-rani a Kwatano da Lome. Ba ya rubuta suna sai ya taka da ƙafarsa ya ga tabarmin makoki. Idan Mushe ya ce wane ya rasu, to sai addu'a.

Amma fa akwai taurin kai, Allah ya jiƙansa. Ni sakatariya ce a ofishin magajin gari, na ɗan san kan kwamfuta. Duk ranar da na leƙa tasa, sai in tarar da burauza, wato manhajar da yake shiga intanet da ita, tana neman a sabunta ta, shi kuwa ya danna "sai anjima".

Na ce, "Yaya, wanga abu kamar yaɓen rumbu na. In ba a yi ba, ɓera shi samu ƙofa."

Ya ce, "Barira, ƙyale min abuna. In ta sabunta komi shi canza wuri, ga idona ya raunana."

Har jan gargaɗin nan da ke tare mutum a bakin mugun shafi ya kashe shi, wai yana ɓata masa lokaci.

Wata Laraba aka turo masa saƙo, wai hotunan jana'iza ne. Ya danna, babu abin da ya tsayar da shi. Ta nan aka kwashe kalmomin sirrinsa. Washegari shafinsa ya sanar da cewa Inna Sahura mai ƙuli-ƙuli ta rasu, aka liƙa tarko a ƙasa don duk wanda ya danna shi ma a kama shi. Ɗanta Bilyaminu bai tambayi kowa ba, tunda Mushe ne ya faɗa. Daga Kwatano ya hau mota yana kuka, ya iso ya tarar da uwarsa tana suya.

Ina wurin ya zo ya durƙusa gaban yayana. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Mushe, kai ka koya min karatu. Kwana biyu na yi ina maraya da bakinka."

Bayan kwana uku yayana ya zo ofishina ya zauna kamar ɗan aji, ya ce, "Koya min." Da ƙyar muka ƙwato shafin. Muka sabunta burauzar, muka kunna gargaɗin, muka canza kalmomin sirri, muka sa sai lamba ta shigo wayarsa kafin a shiga. Ya je ya roƙi Inna Sahura gafara, ta yi dariya ta ce ai tsawon rai ya ja mata.

Sai dai abin da ya zube ba ya kwasuwa duka. Daga nan duk sanarwar da ya fitar, sai 'yan ci-rani su bugo mini: "Barira, da gaske na?" Ya san suna bugowa, kuma yana ci masa rai. Bai daina ba. Shekara huɗu yana taka ƙafa gidajen makoki, kowace Juma'a kuma sai ya duba ko akwai sabuntawa kafin ya wuce masallaci.

Da daminar bara ya cika, bayan sallar asuba. Na zauna gaban kwamfutarsa don in sanar, sai ga ta tana neman a sabunta ta. Na danna, na jira ta gama, hawaye na zuba, sannan na rubuta sunansa.

Wayata ta yi ta ruri har la'asar. Bilyaminu ne na farko, ya ce ga shi a tasha. Lome, Kwatano, Yamai, kowa gaisuwa yake yi. Ko mutum ɗaya bai tambaye ni ko gaskiya ne ba.