Shokazobar da ta kaɗa kindirmon Hajiya

Ko da tsufa zai kwashe mini komai daga ka, har in riƙa tambayar iyalina ina hular da ke kaina, ranar da na ɗauko wa Hajiya mai fura kindirmo a kan keken lantarki ba za ta goge ba. Shekaru sun shuɗe, amma har yau idan na hangi gargada a hanya sai ƙuguna ya amsa tun kafin in ƙarasa.

A lokacin acaɓa nake yi tsakanin Kibiya da Rano. Da man fetur ya yi tashin da ya yi, sai na ga gidan mai kawai nake yi wa bauta. Na sayar da babur ɗin cikin fushi, na shiga Kano wajen 'yan gwanjo, na dawo da wani keke mai batir, irin wanda Turawa ke hawa duwatsu da shi don nishaɗi. Mutanen da suka ƙoshi ke nan, sai su sayi wahala da kuɗinsu. Tayoyinsa masu kauri ne, kana taka feda injin ya karɓe ka. A ƙarƙashin sirdi kuma akwai 'yar shokazoba guda ɗaya, gajeriya, ko sifirin babu a jikinta. Ita ce ke shanye dukan hanya ta baya.

Sai dai babu fasinjan da ya yarda ya hau bayan keke. Na yi wata da watanni ina zaga gari ana kallona, ana tambayata ko yana da rediyo. A gida kuwa uwar 'ya'yana ta daina yi mini sannu da zuwa, sai dai ta kalli keken ta kalli tukunya. Ana haka na ji labarin Hajiya mai fura a Rano tana neman wanda zai riƙa ɗauko mata kindirmo kullum daga wata ruga a bayan Durba, don mai babur ɗinta ya ce kuɗin mai ya fi ƙarfinsa. Na je na durƙusa.

"Malam, ni ba ruwana da abin da kake hawa, ko jimina ce," in ji ta. "Ranar Asabar ina da walimar sauka, an ba ni aikin fura. Ka kawo mini kindirmo a kwance, da kaurinsa, yadda cokali zai tsaya a ciki. In ka kawo, aikin naka ne kullum. In ya tsinke, kada ma ka yi mini sallama."

Abin da ke gabana ke nan: abincin gidana na kowace rana. Ga shi kuma a makon nan 'yar shokazobar ta kwanta. Ina zama sai sirdi ya nutse har ƙasa, in ji ƙwas. Ni makarantata ta tsaya a aji uku na sakandare, kuma ko a ukun ba a koya mana keken Turawa ba. Sai na tura shi majalisarmu ta wajen mai shayi a Kibiya, inda kowa likita ne, kowa alƙali ne, kowa bakanike ne.

Babban majalisar wani Alhaji ne, tsohon direban tirela. Ya sa aka kwance shokazobar, ya juya ta a hannu yana taɓe baki.

"Wannan ai kwalbar turare ce. Ina sifirin ɗin? Ni da na ƙarar da ƙuruciyata ina jan siminti zuwa kudu, ban taɓa ganin abin ɗaukar kaya babu sifirin ba. Turawan nan 'yan sirara ne, ba sa cin tuwo. Kai da jarkoki sai ta maza."

Kowa ya ce gaskiya ne. Mai shayi, wanda ko baro bai taɓa mallaka ba, ya fi kowa gyaɗa kai. Alhaji ya zaro kara guda daga dangar rumfar, ya kara shi a jikin shokazobar, ya sa farce daidai ƙarshenta. Sai na ga ya matsar da farcen gaba da yatsa uku kafin ya karya.

"Alhaji, ka wuce," na ce.

"Kai yaro ne har yanzu. Ka taɓa ganin an yi awo babu ƙari? Mai gero in ya cika mudu sai ya ɗora tsororuwa. Tela ma yana barin na wanki. In ta yi yawa a rage, in ta gaza fa?"

Ina da furfura a gemu a lokacin, amma na bar shi da awonsa, don a garinmu ba a musu da wanda ya je Makka kuma ya je Legas. Aka ba wani direban motar Kano karan, ya sayo sabuwar shokazoba daidai da shi. Shi kuma da ya je wajen masu kayan babur, aka rasa wadda ta yi daidai da karan: ɗaya ta gaza shi kaɗan, ɗaya ta ɗara shi. Mai shagon ya ce a ba bawan Allah babbar, kada a ce ya yi rowa. Haka aka kawo mini wata doguwar shokazobar babur mai jan sifirin, tana sheƙi kamar kayan lefe.

Mai waldarmu ya gwada ta ta gaba, ya gwada ta baya, ta ƙi shiga. Ya ce jikin keken alminiyam ne, waldarsa ba ta kama shi. Na ɗauka zai ce a haƙura. Ina, zarto ya ɗauko. Ya yanke ɗan kunnen ƙarfen da tsohuwar ke maƙale a jiki, ya huda wani wuri can sama, ya ɗaure fallen ƙarfe da noti, ya cusa ta. Ya haɗa mini da kariya ta ɗaukar jarkoki. Da ya gama, bayan keken ya ɗage sama kamar akuya tana cin ƙasa. Majalisa ta zo kallo. Alhaji ya danna sirdin da hannu ɗaya, ya nutse, ya dawo, ya sake nutsewa da kansa, ya dawo.

"Kun ji laushi? Ko motar gwamna sai haka."

Ranar Asabar na yi sammako. Da tafiya ban damu ba sosai, don babu kaya, kuma na ɗauka rawar da yake yi ta sabunta ce. A rugar na tarar da dattijuwar da ke tara wa Hajiya nono. Ta juye kindirmon a hankali cikin jarkoki biyu masu faɗin baki, kamar mai kwantar da jariri. Bai cika su ba, kowace ta tsaya wajen rabi. Muka ɗaure su hagu da dama. Ta ja da baya tana kallon keken, wanda ke ta lilo shi kaɗai.

"Kaɗo, wannan maraƙin naka an horar da shi kuwa?"

"Na Turawa ne, Inna."

"To. Allah ya kai ku, kai da shi."

Sai da na hau kan turmi kafin na iya hawa sirdin. Ina zama na tuna abin da ya sa na diro da tsalle lokacin da na iso: ƙafata ba ta kai ƙasa. Na taka feda don kada in faɗi, injin ya fizge ni, muka faɗa burtali. Damina ba ta daɗe da wucewa ba, ruwa ya zaizaye hanyar ta zama kamar kunyar dankali. A kunya ta farko keken ya durƙusa har taya ta goge kariya, sannan ya cilla ni sama. Kafin in sauko ya sake durƙusawa. A bayana kuwa jarkoki suka fara waƙa, culum, culum, culum.

Mai karatu zai ce me ya hana ka tsayawa. Da wace ƙafar? In na tsaya faɗuwa zan yi, ni da kindirmon mutane. Kaina a ƙasa, ƙuguna a sama, haɓata tana gaisawa da kan keken. Na rage gudu, rawar ta ƙaru. Na ƙara gudu, ta koma tsalle. Hulata ta tafi tun kafin Durba, ban ko waiwaye ta ba. Wasu mata masu zuwa gona suka kauce suna salati. Wani makiyayi ya bi ni da kallo, shi da shanunsa gaba ɗaya, har na ɓace. Ko a kan kwalta abin bai daina ba, don ya riga ya saba, ƙaramin dutse ma ya ishe shi dalili.

Hanya ta bi da ni ta gaban majalisa. Na buɗe baki in ce su tare ni, abin da ya fito sai "ku-ku-ku". Suka miƙe suna tafi. Na ji muryar Alhaji a bayana yana cewa, "Ku dubi yadda take aiki, ba ta huta ba ko sau ɗaya."

A ƙofar Hajiya na rungumi ginshiƙin rumfa, da haka na tsaya. Masu dakan fura suka sauke ni kamar buhu. Na tsaya a ƙasa amma jikina bai sani ba, yana ta sama da ƙasa. Hajiya ta fito da babbar ƙwarya da ludayi, ta buɗe jarka, ta karkata. Wani farin ruwa tsararo ya zubo, shar. Ta dube ni. Ta ƙara karkatawa. Sai ga wani curi rawaya, ya kai dunƙulen hannu, ya faɗo cikin ƙwaryar, tsulum. Wani ya biyo shi. Man shanu ne, sabo, kyakkyawa, irin wanda matan ruga ke shan wahalar kaɗawa kafin su samu.

"Malam, ɗauko kindirmo na ce ka yi, ko kaɗa shi?"

"Hajiya, hanya ce."

"Hanyar nan shekara nawa ana biyo ta da nono? Yau ta koyi fitar da mai?" Ta tsoma ludayi ta ɗaga, tsala ta zube kamar ruwan wanki. "Da wannan zan dama wa malamai fura? Mutum ɗaya ka yi aikin mata biyar, sai dai ba shi aka sa ka ba."

Masu daka suka ajiye taɓare suna riƙe ciki. Ɗaya ta ce a tambaye ni ko ina karɓar gyaɗa, tana son ƙuli. Hajiya ta aika aka nemo mai babur ɗinta na da, ta yarda da kuɗin man da ta ƙi biya a baya, ya bazama kasuwa neman kindirmo. Man shanun ta kwashe shi tas ta shige da shi gida, ko na shafawa a ƙugu ba ta ba ni ba. Aikin kuwa, ko sallamar ban sake yi ba.

Da na tura keken na koma majalisa, babu wanda ya ɗauki laifi. Direba ya ce kara aka ba shi. Mai walda ya ce shi abin da aka kawo ya ɗaura. Alhaji ya kurɓi shayi ya ce matsalar ɗaya ce, na hana shi ya yi ƙarin yadda ya kamata.

Daga baya na shiga Kano na sami wanda ya sayar mini da keken. Ya ce tsohuwar lafiyarta ƙalau, ta iska ce, iskar ce ta ragu, da ɗan famfonta na musamman ake ƙara mata gwargwadon nauyin mai hawa da kayansa. In kuma canzawa za a yi, sai tsawonta daga ramin noti zuwa ramin noti ya zo daidai, da iyakar yadda take shigewa ciki, ga lambobin ma a rubuce a jikinta. Ta babur kuwa, duk girman nan nata, biyu ake sawa kusa da taya su raba nauyi. A keken nan ƙarfen baya yana ninka nauyin kafin ya danna ta, shi ya sa ta zama lilo. Na ce to a mayar da tsohuwar. Ya leƙa inda zarto ya bi, ya ce a maƙala ta a ina?

Abin da na koya ke nan, kuma da tsada na koye shi. Ƙarfe ba gero ba ne, ba ya son tsororuwa, kuma girman abu ba shi ne ƙarfinsa ba. In abin neman abincinka ya lalace, ka kai shi wajen wanda ya san shi, ka tsaya a kansa a auna daidai, ko da za a ce ba ka da kunya. Kada ka kai shi inda ake shan shayi, don masu ba da shawara a can babu wanda zai hau tare da kai.