Na Kai Dutsen Niƙan Hajara Jami'a

Doma

Bayan sallar asuba na naɗe dutsen niƙan matata Hajara cikin tsohon zanenta. Tun rasuwarta bara ban bari an wanke shi ba. Asabe, 'yar ƙanena da ke karatu a jami'a a Lafiya, ita ta roƙi aronsa. Malamansu sun tono duwatsun niƙa na mutanen da can, suna neman na zamaninmu su kwatanta. Na tambaye ta ko za su wanke shi, ta ce ba ta sani ba. Da wannan tsoron na shiga mota.

Hanya

Direba ya so ya sa shi a baya cikin buhunan riɗi. Na ce a cinyata zai zauna. A shingen 'yan sanda wani ya ɗaga zanen, ya yi dariya.

"Baba, injin niƙa ya ƙare a Lafiya ne?"

"Na mai ɗakina ne. Ta rasu."

Ya mayar da zanen a hankali, ya ce Allah ya jiƙanta.

Lafiya

Da hantsi Asabe ta tarbe ni a tasha, muka hau keke zuwa ɗakin bincikensu. Malamarsu ta ga na ƙi sakin dutsen.

"Baba, ba wanka za mu yi masa ba. Ɗigon ruwa ne kawai."

Ta ɗiga ruwan a wani ɗan rami na dutsen, ta zuƙe shi da siririn bututu, ta sa a madubin da ke girmama ƙananan abubuwa. Ta fara nuna mini na mutanen da: ragowar hatsi, da ɓurɓushin ƙashi. Sannan na Hajara: dawa, da wasu 'yan tsinkaye farare.

Ta ce, "Ƙayar kifi ce. Ana niƙa busasshen kifi a kai?"

Hajara ba ta cin kifi, ko ƙarninsa ba ta so. Ni ke sonsa a miya. Kullum takan ce mini niƙaƙƙe take saye a kasuwa.

Na ce, "Ashe ana niƙawa."

Na nuna dutsen mutanen da. "Malama, ita mai wannan, wa take niƙa wa?"

"Wannan kam, Baba, madubinmu ba ya nunawa."

Gida

Na iso Doma kafin magariba. Na gode wa Allah, na gode wa Asabe da malamarta. Na mayar da dutsen mazauninsa a madafa, na sunkuya na shinshina shi.