Mataccen Famfon da Ya Tashi Tarbar Baƙi

Mun tashi da asuba daga Garwa, muna idar da salla muka nufi tasha. Mu biyu ne, ni da abokin aikina injiniya, mutumin da in ya shiga gida sai ya gaida bututun ruwa kafin ya gaida mai gidan. Ƙungiyar agajin da muke wa aiki ce ta tura mu Duwala, mu zaga famfunan jama'a na New Bell da sauran unguwannin Hausawa, mu ga wanne ke da rai, wanne ya mutu. Kuɗin gyaran da aka samu ba zai ishi kowa ba, don shekarun nan na rikici sun sa kowane hannu ya tsuke. Sharaɗin a fili yake: duk famfon da muka ce lafiyarsa ƙalau an tsallake shi ke nan, sai wani jiƙon. Shi injiniya aikinsa da ƙarfe ne, ni kuwa nawa da baki, in shiga gidaje in ji ta bakin mata.

Hanyar Ngaundare ba ta da laifi, shingayen jandarmomi ne dai suka yi mata yawa. Na ciro katin shaidata na mayar har ya fara gane hanyar jaka da kansa. A wani shinge jandarma ya buɗe akwatin injiniya ya ga kwalabe wayam jere, ya tambaya ko magani muke sayarwa. Da aka ce masa na gwajin ruwa ne, sai ya roƙe mu in mun gama da Duwala mu biyo ta barikinsu. Muna haye dutsen nan na kusa da gari iska ta sauya, na jawo mayafi na rufa, ina mamakin yadda sanyi yake zaune kusa da mu haka bai taɓa leƙo Garwa ba.

Da yamma muka shiga jirgin ƙasa. Duk tashar da ya tsaya mata na bin tagogi da zuma da ayaba da bobolo, wato tuwon rogon nan da ake naɗewa a ganye. Na sayi zuma kwalba guda da niyyar tsaraba, kafin gari ya waye mana a Yawunde na sha wuyanta. Daga nan mota ce zuwa Duwala, daji kore shar hagu da dama, manyan motoci ɗauke da gungumen itacen da mutum uku ba za su rungume shi ba. Muna tsallake gadar Edeya na ji zufa ta fara tsattsafo mini, alhali ko rana babu.

Jama'a, Duwala garin ruwa ne. Yana sauka daga sama kamar da bakin ƙwarya, yana kwance a kwata, yana cikin iskar da kake shaƙa, wanki ma sai ya kwana biyu a igiya yana tunani. Ruwan sha ne kawai babu. Mun sauka a Makepe wajen 'yan uwan injiniya, unguwar ma'aikata, kowane gida da tankinsa a sama. Kullum da safe mu shiga taksi, in cunkoso ya tsayar da mu mu sauka mu hau bensikin, haka suke kiran ɗan acaba. Wanda ya fara ɗaukata ya bi da ni tsakanin motoci biyu, na karanta duk addu'ar da na haddace, har da ta shiga kasuwa. Abinci kuwa ban da abin cewa. Da sefa ɗari biyar za ka ci makala, wato fanke, da wake ka kasa tashi, ga miyar shuwaka da suke kira ndole, da miyondo ƙanin bobolo, ga gasasshen kifi da yaji mai sa mutum ya tuna zunubansa. Tsiren New Bell, da suke ce wa soya, 'yan uwanmu ne ke gasa shi, kuma ba su ba mu kunya ba.

Aikin kansa ba daɗi ne da shi ba. Mun ga famfon da aka sace wa kai, mun ga wanda ya zama turken akuya, mun ga wanda sai ya ga dama yake ɗigowa kafin asuba. A unguwar Nkololun rijiyoyi ne birjik, amma ga rijiya ga kwata, in ruwan sama ya cika lungu sai su gauraya, yara su kwana suna gudawa. Wani Bakano mai sayar da atamfa a kasuwar Kongo ya ce mini, "Hajiya, mu a gida rana ce ke hana mu ruwa. Su nan har yau ban gano mai hana su ba." Duk inda za mu, sai mun aika wa limami ko mai unguwa tun jajibiri, don ba a faɗo wa mutane kamar ruwan sama.

Ranar da muka shiga wani lungu a can cikin New Bell, tun daga bakinsa na ga abin ya bambanta. An share ƙasa tas, an yashe kwata, an jera kujeru a ƙarƙashin rumfa. Mai unguwa, Alhaji Sale, dattijo ne haifaffen nan, ya yi aikin ofis a tashar jiragen ruwa har ya yi ritaya. Ya tarbe mu cikin babbar riga mai sitaci, yana zuba Faransanci yana haɗawa da Hausa. Ga famfon can jikin katanga, an shafe shi da shuɗin fenti, ko bushewa bai gama yi ba. Injiniya ya murɗa, ruwa ya zubo shaa. Wallahi sai da na ga haƙoransa na ƙarshe, don tun zuwanmu bai ga famfo mai lafiya irin wannan ba. Ya tambayi dattawa ko suna da wata damuwa ta ruwa, suka haɗa baki: "Alhamdulillahi, sai godiya."

Har mun fara shirin wucewa na ji an ce an yi haihuwa a gidan yayar Alhaji, Goggo Asabe. Ai ba a jin haihuwa a wuce, sai na bar maza a rumfa na shiga barka. Goggo tsohuwa ce 'yar siririya, wuyanta ya ɗan karkace, ta tare ni da kofin ruwa da fara'a. Maijegon sunanta Rabi, 'yar ƙanwarta ce, rikici ya koro su daga Bamenda ita da mijinta da yara, suka bar shago da gida suka zo suka raɓe a nan. Na karɓi jaririya na yi mata addu'a. Na tambayi Goggo yaya ruwa a gidan, ta ce lafiya lau. Sai dai idona ya riga ya kai kan tukunyar wankan jego a tsakar gida. Tana kan murhu babu wuta, ganyen wankan ya yi yaushi a gefe, ga bido, wato jarkoki, jere jikin bango kowanne wayam. Hantsi ya dubi ludayi, maijego ba ta yi wanka ba.

Na ce, "Goggo, yau ba a dafa ruwan wanka ba ne?"

Kafin ta buɗe baki Rabi ta kwashe da dariya. "Anti, wata no de, ruwa babu. Ruwanmu duka yana waje yana gaishe ku."

"Ke Rabi, tais-toi, rufe mana baki!" in ji Goggo, amma zance ya riga ya fita.

Ashe famfon nan ya yi shekara da shekaru a mace. Goggo da 'yan matan gidan ke tsallaka babban titi zuwa wata rijiyar burtsatse a Nkololun su ɗauko a kai, kuma tun da aka haihu tafiyar ta ninka, don wankan jego safe da yamma ba ya jin ƙorafi. Da saƙonmu ya iso, Alhaji ya tara dattawa ya ce baƙi za su zo daga arewa, ba za a bari su koma su ce Hausawan Duwala ko ruwan sha ba su da shi ba. Aka bi gida gida aka karɓi ruwan kowa, aka juye a ganguna biyu a kan rufin wani shago bayan katanga, mai gyaran famfo ya haɗa da tiyo. A tunaninsa unguwar da ta nuna tsabta da tsari ita ake taimaka wa.

Na ji dariya na ji tausayi lokaci guda. Na gaya wa Goggo gaskiya, cewa in muka tafi a haka, za a ce famfonsu lafiya lau, ba mai zuwa gyara. Kuma ko na raɗa wa injiniya ba zai yi amfani ba, don rahotonmu ba ya tafiya sai mai unguwa ya amince da abin da muka gani, shi kuwa yanzu ya gama cewa sai godiya a gaban jama'arsa. Goggo ta murza wuyanta. Ta ce, "Ƙanina ne, 'yata. Ubanmu ne ya kafa lungun nan. In na fita na ƙaryata shi a gaban baƙi, da wane ido zai sake zama a ƙofar masallaci?" Ta dubi Rabi, ta dubi tukunyar, ta daɗe a haka.

Can sai ta miƙe ta ɗaure gyale a ƙugu, ta sungumi bido biyu, ta leƙa ta kan katanga ta ƙwala wa maƙwabta kira: "Ku fito da kayan ɗiba, famfo ya warke!"

Kafin ka ce kwabo lungu ya cika da mata, masu bokiti, masu baho, wata har da tukunyar miya, ana ta rangaɗa guɗa. Na biyo bayansu ina kallon Alhaji, fuskarsa ta yi wani iri. Ya matso kusa da yayarsa ya rage murya: "Yaya, baƙi fa suna nan."

Ta ce, "Ai albarkacinsu muke ci, Alhaji. Ruwan famfo ne, ƙarewa yake yi?"

Me zai ce? Aka tara, aka cika, aka janye, aka sake tarawa. Kowace mace ruwanta na jiya take karɓa, kuma duk sun sani, shi ya sa ba wadda ta iya haɗa ido da 'yar uwarta. Ba a jima ba ruwan ya sirance, famfo ya yi tari, ya tofar da ɗan abin da ya rage, ya yi tsit. Injiniya ya bi bututun da ido har inda bakin tiyo ya leƙo ta ƙasan katanga, ya juyo ya dube ni. Na girgiza masa kai kaɗan. Allah ya yi masa albarka, sai ya sunkuya yana gyara igiyar takalminsa.

Alhaji ya yi gyaran murya, ya gyara zaman rigarsa, ya nuna famfon da sanda. "Voilà. Kun dai gani da idonku. Haka yake yi mana."

Injiniya ya ce, "Tun yaushe, Baba?"

"E to, ya ɗan kwana biyu."

Sai wata mata daga baya ta ce, "Yaron da aka haifa ranar da ya mutu yana makaranta!"

Ai sai dariya ta ɓarke, maza da mata. Alhaji ya cije, ya cije, ya kasa, ya yi ta yi har hularsa ta zame. Daga nan bakin kowa ya buɗe. Shi da kansa ya ja injiniya ya nuna masa inda bututu ya karye tun wani aikin titi, da inda kwata ke malalowa da damina. Ni kuwa na koma ciki na tarar an hura wuta, tukunya ta ɗau zafi. Ban bar gidan ba sai da na ji Rabi na ihun zafin ruwa a bayan gida, Goggo na ce mata ta yi wa mutane shiru. Aka kawo mana shinkafa da kifi, muka ci har muka yi nak.

Sauran unguwannin mun gama su lafiya, sai dai daga ranar duk inda na ga sabon fenti sai na leƙa bayan katanga. Muka kamo hanyar gida yadda muka zo, mota, jirgi, mota, da shingayenmu ba ragi. Na iso Garwa da ragowar zuma, da atamfar kasuwar Kongo, da ƙurajen zufa a wuya. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne, mutanenmu sun gwammace su kwana da ƙishi da a ce baƙo ya ga gazawarsu. Halin kirki ne, ina alfahari da shi, amma ya kusa sa tsohuwa ta ƙarasa rayuwarta da bido a kai. Wanda duk aka aika ya gano buƙatar Bahaushe, kada ya tsaya a rumfa, ya nemi dalilin shiga cikin gida.

Shekaranjiya aka zauna a kan rahotonmu, jiya na kira Goggo. Bayan mun gaisa na tambayi Rabi da jaririya, sannan na ce, "Goggo, yaya famfo?"

"Alhamdulillahi, lafiya l…" Sai ta katse kanta. "A'a! Matacce ne, 'yata. Matacce murus, ko ɗigo babu, kowa ya ji!"

Na ce ai kowa ya ji, lungunsu na cikin waɗanda za a fara gyarawa. Sai na ji tana jan hanci, ni ma idona ya kawo ruwa. Can ta ce a hankali, "Bari in je in gaya wa Alhaji da kaina. Tun tafiyarku kullum shi ke riga ni zuwa Nkololun da bido."