Lasisin Yaya Binta: shekara tara bayan rasuwarta

Yau shekara tara ke nan da rasuwar yayata, Malama Binta, kuma har yanzu idan na tuna yadda aka yi da ita sai raina ya ɓaci.

A wata firamare ta Kiru take koyarwa. Ita ta lura cewa yaran da ake kira daƙiƙai a bayan aji, da yawansu ba ji suke yi sosai ba, musamman masu wanka a magudanar ruwan Tiga, waɗanda kunnensu ke zubar da ruwa. Sai ta zuba gero a gwangwani, ta tsaya bayan yaro ta kaɗa. Wanda bai waiwayo ba ta dawo da shi gaban aji, ta koya masa kallon leɓe. Masu in'ina kuwa ta zauna da su lokacin hutun tara. Haka ta yi da wata kurmar yarinya, Ladidi, har bakinta ya fara buɗewa.

Sai takarda ta zo daga gwamnati cewa ba mai taɓa gyaran magana ko gwajin ji a makarantar gwamnati sai mai lasisi. Ban ƙi dokar ba, kunnen yaro ba abin wasa ba ne. Ita ma ba ta ƙi ba. Hedimastanta, mutumin da ya sha cin tuwo a gidanmu, ya ce mata, "Malama, je ki karanto, aikinki na nan yana jiranki."

Ta tafi, ta bar 'ya'yanta a hannuna. Ta dawo da lasisi a jaka, sai aka ce ai babu gurbin wannan aiki a tsarinsu. Ashe an nemi lasisi ne na aikin da ba a shirya bai wa kowa ba. Aka tura ta Doguwa koyar da lissafi, kuma hedimastan nan shi ya sa hannu. Ranar ta'aziyyarta ya zo yana cewa an yi rashi. Na amsa gaisuwarsa, amma ban yafe ba. An ce alkawari kaya ne, shi dai nasa bai yi masa nauyi ba.

Da tana raye, me za ta ce yau? Na san ta, ba za ta zagi kowa ba. Tambaya za ta yi, wa ke duba yaran yanzu?

Makon jiya na haɗu da Ladidi a kasuwar Kafin Maiyaƙi, ta zama uwa. Da Yaya ta tafi karatu aka cire Ladidi daga makaranta, maganarta ta tsaya inda aka bar ta. Amma leɓena take kallo, tana gane ni sarai. Abin da Yaya ta shuka ke nan, Allah Ya kai haske kabarinta.

Sai Ladidi ta jawo ɗanta ɗan aji biyu, ta nuna mini kunnensa yana ruwa. Da hannu ta tambaye ni wurin wa za ta kai shi.