Taswirar da Tela Ya Yanka

Ruwan sama aka yi ranar, irin wanda yake farawa da hantsi kamar wasa, kafin azahar ya mai da titi rafi. Kwanon shagon Tela ya soma yoyo ta wuri uku, ɗaya daidai kan kantar da yake tara ƙyallaye. Ya hau kujera yana sauko da kaya, yana yi wa ruwan faɗa kamar mai ji.

Shekararsa sittin da takwas a lokacin, hamsin daga ciki a bakin keken ɗinki ya yi su. Gajere ne mai fara'a, tef a wuya kullum, ko salla zai tayar sai an tuna masa ya cire. Duk layin an san shi da abu biyu. In ya auna mutum sau ɗaya ba ya manta awonsa, kuma ba ya zubar da ƙyalle ko da tafin hannu ne. Wannan halin ne ya sa, shekara goma sha biyu kafin ranar, da ofishin safiyo, masu auna ƙasa, suka share sitonsu, masinjansu ya kawo masa wani dami na manyan takardu da aka manne a kan yadi mai kauri. Tela bai ko dubi zanen ba. Ya juya bayan takardar, ya murza yadin tsakanin yatsu, ya ce lallai wannan zai tsayar da kwala. Tun daga nan duk kwat da ya ɗinka sai ya yanki guntu ya cusa a cikin kwalarta.

Damin nan ne ya jiƙe a gefe. Yana shimfiɗa takardun a kan teburin yanka don su sha iska sai ga Hedimasta ya faɗo shagon. Tsohon shugaban makarantar firamare ne, dogo kakkaura, abokin musun Tela na shekara talatin. Ya jiƙe sharkaf daga kai har ƙafa, amma kwat ɗinsa mai ruwan toka tana naɗe cikin leda a hammata. Ya goge jiki, ya warware ta, ya sa, ya gyara kafaɗa. Sai idonsa ya faɗa kan tebur.

"Tela! Ina ka samo waɗannan?"

"Kayan kwala ne. Kada ka ɗiga musu ruwa."

"Kayan kwala? Taswirar ƙasar nan ce ta shekara saba'in da wani abu da suka wuce! Kai, Allah ya shirye ka."

Ya sa tabarau ya duƙa, ya shiga koyarwa kamar yana gaban aji. Shuɗin layi rafi ne. Baƙaƙen ɗigo gidaje ne. Layukan da suke zagaye juna kamar zanen yatsa tudu ne, inda suka matsu kuwa wurin da tsayi.

"Kamar tattara a ɗinki ke nan," in ji Tela.

"To, kamar tattara. Inci ɗaya a nan kuma mil ɗaya ne a ƙasa."

Jin inci Tela ya matso, don wannan yarensa ne. Hedimasta ya ci gaba da karanta sunaye da ƙarfi yana jin daɗin muryarsa, har ya karanta sunan wani rafi. Tela ya ce ya maimaita. Ya maimaita. Almakashi ya faɗi daga hannun Tela, ya fita ta ƙofar baya a cikin ruwan ba hula, yana ƙwala kira: "Yaya! Yaya!"

Yaya ita ce yayarsa, ta girme shi da shekara tara, a gidansa take tun rasuwar mijinta. A wani ƙauye aka haife su. Mahaifiyarsu ta rasu Tela yana goye, rijiyar ƙauyen ta soma ƙafewa, mutane suka watse, mahaifinsu ya kawo su gari bai ƙara zancen wurin ba har ya bar duniya. Yaya kaɗai ta rage da ta san ƙauyen, ita ma abin da ta riƙe sunan rafi ne da siffar wurin. Sun tambayi direbobi a tasha sun gaji. Jikoki har tsokanarta suke yi wai a mafarki ta ga garin. Ga shi likita ya ce hasken idonta da wuya ya kai baɗi, ita kuwa abu ɗaya take so ta gani kafin nan, inda aka kwantar da Inna.

Ta shigo da sandarta tana faɗa. "Auta, gobara ce? Ka janyo ni cikin ruwa kamar akuya."

"Rafinki, Yaya! Ga shi a takarda!"

Aka ba ta kujera. Hedimasta ya ɗora yatsa a kan shuɗin layin ya ce ta faɗi hanya shi ya bi.

"In ka bi rafin sama, zai rabu biyu."

"Ya rabu!"

"Ka ɗauki na hagu."

"Na ɗauka, Yaya, na ɗauka!"

"Za ka ga tudu biyu, babba da ƙarami. Mu a tsakaninsu muke."

"Ga gindin babban nan, ga shi, ga..." Yatsan Hedimasta ya zarce ya daki katakon tebur. Daidai wurin babu takarda. Rami ne dogo mai lanƙwasa, yankan almakashi tsaf, ba ko ɓaraka.

Yaya ta ce, "Me ya faru? Kun yi shiru." Hedimasta ya cire tabarau a hankali, ya ce ƙaninta ya yanke garinsu ya yi kwala da shi. Daga nan ya buɗe wuta. Jahilci, ɓarna, cin amanar tarihi, babu wanda bai kira ba. Ya ce da yana da iko da ya sa an ƙwace almakashin kowane tela a ƙasar nan.

Kunya ta kama Tela, amma idonsa yana kan ramin, domin rami a wurin tela magana yake yi. Ya zaro tef daga wuya ya auna tsawon, ya auna faɗin, ya bi lanƙwasar da yatsa.

"Sha takwas da rabi," ya ce.

"Me ye sha takwas da rabi?"

"Wuyan mai kwat ɗin. Wuya biyu na taɓa aunawa masu wannan kauri. Ɗaya na mai gidan burodi, shi kuwa matarsa ta wanke tasa har ta zama tsumma." Ya ɗago kai a hankali ya tsayar da ido a ƙasan haɓar Hedimasta. "Ɗayan kuma..."

Hedimasta ya dafe kwalarsa da hannu biyu ya ja da baya har ya bugi keke.

"A'a. Kada ka soma. Wannan kwat da ita aka yi mini taron ritaya. Shekara goma sha ɗaya ruwa bai taɓa ta ba!"

"Shi ya sa nake da sa rai, Malam."

"Burushi nake yi mata, in shanya a inuwa!"

"Allah ya yi maka albarka. Tuɓe."

Yaya ta fashe da dariya har sandarta ta faɗi. Ta ce ashe shekara goma sha ɗaya garinsu yana wucewa ta ƙofar gida safe da yamma, yana cewa ina kwana Yaya, ita tana amsawa. Tela ya biyo Hedimasta da reza, Hedimasta ya zagaya tebur, suka yi zagaye biyu, tsofaffi biyu suna haki. Sai Yaya ta share hawayen dariya ta ce, "Malam, kai da bakinka yanzu ka ce tarihi ne. To tarihin ne a wuyanka. Ni kuwa idona ba zai jira kwat ta tsufa ba."

Hedimasta ya tsaya. Ya cire kwat ɗin da kansa, ya miƙa, ya juya baya ya ce ba zai iya kallo ba. Bai cika minti ɗaya ba ya juyo ya leƙo ta kafaɗar Tela.

Tela ya bi ɗinkin da bakin reza, zare ɗaya bayan ɗaya. Ya zaro guntun. Ya yi laushi, gumi ya ci gefe ɗaya, layin ninki ya ratsa tsakiya, amma zanen yana nan. Ya ɗora shi a ramin ya zauna daram. Ga tudu babba, ga ƙarami, ga ɗigo baƙaƙe goma sha huɗu a tsakani, ga wani ɗan zagaye shuɗi a gefensu.

"Rijiya!" Hedimasta ya daka tsalle, da shi da nauyinsa, har gilashin kanta ya yi ƙara. "Rijiya ce, wallahi!"

Tela ya rungume shi, ya sake shi, ya rungumi keke. Yaya ta ce a kawo mata kusa da ido. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce ita dai ƙuda take gani a jere, amma ta yarda.

Kwana uku bayan haka, rana ta fito, maƙwabcinsu mai sayar da katako ya ɗauke su a motarsa. Tela ya riga ya ɗinke guntun a mazauninsa da allurar hannu. Shi ne a gaba, taswira a cinya, tef a hannu, yana ba da umarni: daga gada zuwa inda rafi ya rabu inci biyu da kwata, kada direba ya ƙara masa ko rabin kwata. Hedimasta yana baya cikin kwat marar kwala, don ya rantse ba zai je wurin tarihi da riga kawai ba. Sau biyu suka ɓata, sau biyu kowa ya ce laifin ɗayan ne. Inda hanya ta ƙare suka sauka suka taka, Yaya a tsakiya, tana cewa su daina riƙe ta kamar ƙwai.

Tsakanin tudun biyu babu gida, babu kango, gonar masara ce kore shar. Wata mata da ke cire ciyawa ta ce ita ba ta taɓa jin an yi gari a nan ba. Sai Yaya ta tambaye ta ko akwai rijiya. Matar ta ce rijiya dai babu, sai wani tsohon rami can da suke rufewa da ƙaya saboda awaki.

Suka janye ƙayar. Yaya ta durƙusa ta shafa duwatsun bakin ramin, yatsunta suka faɗa cikin gurbin da igiyar guga ta ci. Ta bi shi sama da ƙasa. Ta ce a nan ta taɓa sakin guga, Inna ta bi ta da tsintsiya har bayan gida. Ta tashi ta juya wa babban tudu baya, ta soma tafiya tana ƙirga taku. Hedimasta ya ce ai takun yarinya da na babba ba ɗaya ba ne. Ta ce takunta na yau bai fi na shekara tara ba, ya yi mata shiru.

A gefen gonar ta tsaya, inda ƙasa ta ɗan tashi. Ta ɗaga kai ta ƙura wa ƙaramin tudu ido, ta ce tana ganinsa, dishi-dishi amma shi ne, haka yake tsaye ranar da aka kawo Inna nan. Babu wata alama a ƙasa, Tela kuma bai nemi alama ba.

"Auta, zo ka gaida Inna," ta ce. "Ka gaya mata kai ne ka yanke garin."

Ya durƙusa yana dariya, dariyar ta juye masa, ya rufe fuska da hula. Suka yi addu'a su huɗu, matar gonar ma ta ajiye fartanya ta ɗaga hannu tare da su.

Hasken idon Yaya ya tafi kafin shekara ta zagayo. Tana nan da ranta, jikoki kuma sun daina zancen mafarki. Taswirori tara ne suka rage a damin, huɗu da ramuka. Tela ya bi gida gida ya karɓo kwat shida daga masu su, biyu aka samu abin karantawa a ciki, sauran sun sha wanki. Labari ya bazu, mutane suka fara zuwa neman ƙauyen kakanninsu, wasu su samu, wasu su tarar da rami mai siffar kwala su tafi suna yi masa tsiya.

Yanzu shekararsa saba'in da ɗaya. Ya rage ɗinki saboda ciwon baya. Yana nan a shagonsa, taswirorin suna rataye a bango, ranar Asabar kuma shi da Hedimasta suke zama su duba wa duk wanda ya zo.