Sai Bawku Ta Lafa

Jama'ar Salaga, kun san yadda Saja Idi yake kasa doya. Zan faɗa duk da haka, tunda yau kwana arba'in da muka binne shi. Kowane mai doya a kasuwa manyan yake sawa a gaba don ido ya gani. Shi kuwa sai ya jera tasa sahu-sahu kamar fareti, ƙananan a gaba, manyan can baya inda sai ka leƙa. Wata rana wata Hajiya ta tsaya ta ce, "Baba, ina manyan?"

Ya ce, "Suna baya, Hajiya. Kin taɓa ganin babba a gaba? Ƙanana ake turawa su fara shan rana."

Ta ce, "To ni ba yaƙi na zo ba, sakwara zan daka." Ta wuce wurin maƙwabcinsa.

Ko kai bai ɗaga ba. Ya ce da ni, "Kofur, farar hula kenan."

Ga wanda bai san ni ba, ni ne Kofur Mahama. Tare muka shiga soja da shi, tare muka fito. Ban yi boko ba, shi ma bai yi ba. Sunansa kawai ya iya rubutawa, shi ma sai ya cije leɓe kamar mai ɗaukar buhu.

Magana ɗaya gare shi, kuma ba wanda bai ji ta ba a garin nan: "Daji tukuna, littafi daga baya." A ganinsa ba wanda ya isa ya zama hafsa sai ya fara zama kurtu, an kai shi inda ake harbi, harsashi ya wuce ta kunnensa. Ya faɗe ta a wurin suna, ya faɗe ta a wurin ɗaurin aure. Har asibiti ya kai ta. Wani ɗan likita ya zo zai yi masa allura, ya riƙe wandonsa ya ce, "Tsaya, yaro. Kafin ka huda ni, kai an taɓa huda ka?" Sai da likitan ya rantse an yi masa tun yana goye, sannan Saja ya juya.

A Yendi ya samo maganar nan, ina wurin. An kai mu tsaro, aka ba mu sabon laftana, yaro ɗanye shar. Daga jami'a ya wuce makarantar hafsoshi, daga can sai kanmu. Takalminsa kana ganin fuskarka a ciki. Taswira kullum a hannu. Muna ratsa wata gonar dawa, sai zabi suka tashi fir! Kai! Laftana ya kwarma ihu, "Kowa ya kwanta!" Ya yi tsalle ya faɗa rub da ciki a kan ɗanyen kashin shanu. Mu dai muna tsaye. Saja ya ƙame ya sara masa, ya kira shi Masa, yadda muke kiran hafsa, ya ce, "Masa, abokan gaba sun tashi sama. Mu bi su, ko mu jira su sauko su yi ƙwai?"

Wallahi har wani ya yar da bindiga don dariya. Kwana bakwai Saja ya yi yana gadin horo, ya ce da araha ya saya.

Bayan sati biyu muka zo bakin wani rafi, damina ta yi nisa. Taswirar laftana ta ce akwai mashigi a nan. Saja ya ce, "Masa, ruwa ya cinye shi." Laftana ya ce taswira ba ta ƙarya, ya tura Isa, ƙaramin cikinmu, ya fara shiga. Sai bayan kwana biyu muka tsamo shi. Ranar ba wanda ya yi dariya. Tun daga nan maganar ta shiga bakin Saja, ba ta sake fita ba.

To, ga autansa Nasiru. Kun san yaron nan, kai gare shi. Shi yake karanta mana takardun fansho tun yana firamare. Ya gama sakandare, wata safiya ya shigo gida da takarda: jami'a ta ɗauke shi. Shirinsa ya yi digiri, ya wuce makarantar hafsoshi. Uwarsa Azumi ta rangaɗa guɗa har tantabaru suka watse. Ina zaune a zaure muna shan koko.

Saja ya karɓi takardar, ya riƙe ta a kife, ya daɗe yana kallo kamar yana karantawa. Sannan ya ninke ta, ya buɗe akwatinsa na ƙarfe, ya sa ta ƙarƙashin tsohon kakinsa, ya rufe, ya zauna a kai.

Ya ce, "Za ka yi hafsa, Auta. Amma kurtu tukuna. Ka je daji shekara biyu, ka dawo. Takarda tana nan, ba ta da ƙafa."

Nasiru ya ce, "Baba, ta bana ce kawai."

"Baɗi jami'ar ƙaura za ta yi?"

Azumi ta fito da ludayi a hannu ta ce, "Haba Malam! Takarda doya ce da za ka binne ta ta tsiro? Tashi daga kan akwatin nan!"

Ya ce, "Shekara ashirin da biyu ba wanda ya tayar da ni daga inda aka ajiye ni. Ba da ludayi za a fara ba."

Sai yaron ya juyo gare ni. Ya durƙusa ya ce, "Baba Kofur, ka yi masa magana. Kai kaɗai yake ji."

Na tuna Isa, yadda muka same shi maƙale a saiwar itace. Na ce, "Bi maganar babanka." Iyakar abin da na ce kenan, na ci gaba da shan kokona. Har yau idan na gaida Azumi da hanci take amsawa, kuma ban ga laifinta ba.

Ga inda muka yi wauta, mu tsofaffin soja biyu. A zamaninmu, idan an kai ka wuri, rigima takan lafa. A kwashe ku a mayar bariki, mai son karatu ya nemi izini ya tafi. Mun ɗauka har gobe haka abin yake. Nasiru ya shiga soja, ya gama horo, ya ɗan taɓa Yendi, aka wuce da shi Bawku inda ake rigima. Ya rubuta neman izinin karatu, aka ce sai Bawku ta lafa. Aka dawo da su bariki, kafin takardar ta tashi daga wannan tebur zuwa wancan, an sake kiransu. Ya sake rubutawa, aka ce sai Bawku ta lafa. Shekara biyun Saja ta haihu, ta yi jikoki.

Shi kuwa a kasuwa sai fahariya. "Ɗana yana daji! Naku suna can suna cin biredi a jami'a!"

Bara ya ce sai mun je mun gan shi. Na ce ƙafata ba ta son mota. Ya ce, "Ƙafarka ba ita za ta tuƙa ba." Ya ɗaure doya goma sha biyu, muka hau lori. A kowane shinge sai ya leƙo ta taga ya gaya wa yaran da ke gadi cewa sun riƙe bindiga kamar muciya. Ɗaya ya ce, "Baba, sauko ka nuna mana." Ya ce, "Na yi ritaya, je ka tambayi uwarka, ita ta iya muciya."

Mun sami Nasiru ya zama kofur kamar ni. Ya rame, furfura ta fara fito masa a gefen kunne. Muna cikin gaisawa sai ga wani kyaftin ya nufo mu. Nasiru ya miƙe zumbur, ya ƙame, ya sara. Na duba da kyau. Tirƙashi! Rashidu ne, ɗan Alhaji Seidu mai goro, wanda yake zama bayan Nasiru a aji yana kwafar lissafinsa. Shi babansa bai zauna a kan akwati ba.

Yaron kirki ne, ya durƙusa har ƙasa ya ce, "Baba, sannu da hanya."

Saja ya ce, "Tashi, tashi, hafsa ba ya durƙuso. Kai, harsashi ya taɓa wucewa ta kunnenka?"

"Baba, a garin nan ko akuya ya wuce ta kunnenta. Ranar farko ma Nasiru ne ya fizgo ni ƙasa, da ba don shi ba da yanzu babu ni."

Saja ya dunguri haƙarƙarina. "Ka ji ko, Kofur? Ka ji amfanin daji?"

Rashidu bai yi dariya ba. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, sau biyu ina sa hannu a takardarsa da kaina. Ta ƙarshen ta dawo. Shekarunsa sun wuce na shiga makarantar hafsoshi. Ko yau ya fara digiri, wannan ƙofar ta rufe."

Saja ya ce, "Shekaru? Wa ya ƙirga?"

Sai Nasiru ya yi magana, a hankali, idonsa a ƙasa. "Ka ce takarda ba ta da ƙafa, Baba. Gaskiya ne. Shekaru ne suke da ita."

Muka ba su doyar, muka juyo. Sai da muka shigo Yendi sannan Saja ya buɗe baki ya ce, "Direban nan bai iya tuƙi ba."

Daga wannan tafiya ya daina fahariya da ɗansa a kasuwa. Ciwo ya kama shi da rani. Ana jibi zai rasu na je, na same shi kwance a tabarma, duk ya ƙare. Na zauna. Na ce, "Saja, mun yi kuskure."

Ya buɗe ido ɗaya. "Wane mu? Ni ban yi kuskure ba. Rigimar ce ba ta da tarbiyya, ta ƙi ƙarewa a kan lokaci."

Ya yi dariya, dariyar ta koma tari. Da ya lafa ya ce, "An ba Auta hutu?"

Na ce, "Ba a ba shi ba."

"To kada a kira shi. Yana bakin aiki." Ya juya fuskarsa bango. Na ga kafaɗarsa tana rawa, na tashi na fita, don ba zai so in gani ba.

Nasiru ya iso ranar sadakar uku. Ya je kabari ya yi addu'a, ya gaida uwarsa, ya zo ya durƙusa ya gaishe ni kamar ban taɓa yi masa komai ba. Da ma zagina ya yi, da na fi samun sauƙi. Washegari ya koma. Yau ma kun ga ba ya cikinmu.

Yanzu samari sukan tare ni su ce, "Baba Kofur, wanne za mu fara, soja ko jami'a?" Sai in ce su tambayi wani. An tambaye ni sau ɗaya, na ga abin da amsata ta yi.

Allah ya jiƙan Saja Idi. Taurin kai ne da shi, amma ba don mugunta ya yi ba, tsoro ya ji kada ɗansa ya tura ɗan wani cikin ruwa. Allah ya yafe masa, ya yafe mini, ya sanyaya zuciyar Azumi. Allah ya kwantar da Bawku, ya dawo da yaron nan gida da ransa, ko da kofur ne. Amin.