Fangali na Biyar

Shekarar da na ajiye aiki na koma noman albasa a gefen Bunkure na saba da wani mutumin Filato mai kula da injin casar shinkafa a Kura. Injiniya muke ce masa. Ya daɗe yana shaƙar ƙurar ƙaiƙayi, har ƙirjinsa ya soma ƙara kamar tsohon zugazugi. Yana da hamonika, ɗan ƙarfen busa mai rami goma, da wata waƙar buluz, irin ta baƙaƙen Amurka, wadda ya koya wurin mahaifinsa, tsohon soja. Da numfashi ya gaza masa sai ya miƙo mini abar.

"Malam, yarana ba su san komai ba sai waya. Ka koyi waƙar, in ji ta a bakin wani."

Danginsa sun riga sun sa lokaci: da an cire albasa za su zo su mai da shi gida.

Ba zan iya busa a gida ba. Katangata ɗaya da makarantar Islamiyya, ga furfura. Saura gona, ranar ban ruwa, sau biyu a mako. Na tsara darasin minti-minti a takarda na nuna masa. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Da hannun laka za ka duba agogo? Fangalinka nawa?"

Na ce shida.

Da su ya raba mini lokacin. In na buɗe wa fangali ruwa, in zauna kan kunya in yi busa har ya cika, in toshe, in buɗe na gaba. Biyun farko numfashi kawai, ja da saki. Na uku da na huɗu rami ɗaya tak, har sautin ya fito ba gauraye. Na shida in busa abin da na ga dama. Na biyar kuwa na lanƙwasa sauti ne: a ja iska ciki, a sauke harshe baya, har muryar ta sunkuyo kamar mai shirin kuka. Wuri ɗaya ake yin haka a waƙar, kuma ya ce don wurin aka yi ta.

A bakina abin ba ya sunkuyowa, sai dai ya yi ƙara. Rana ta uku maƙwabcin gonata ya ɗago daga cikin tumatirinsa.

"Malam, akuya ce ta faɗa kanal? In zo da igiya?"

Masu cirar ciyawa suka kwashe da dariya. Ni ma na yi. Amma daga ranar, in ruwa ya shiga fangali na biyar, sai in busa sassan waƙar masu sauƙi, waɗanda ba sa jawo magana. Mako bakwai ina haka.

Ana gobe za a tafi da shi, ya sa aka kawo shi gonar a babur. Ya zauna kan buhu, na busa masa daga farko har ƙarshe. Da na zo wurin lanƙwasar nan na tsallake shi da sauri.

"Ka yi ƙoƙari, Malam," in ji shi. Ya jima yana neman iska. "Na biyar ɗin, kunya ka ji?"

Na goge hamonikar da bakin riga na sa a aljihu.

Bayan tafiyarsa na sake shuka gonar, na ba wa lanƙwasar duka fangali shida, kowa ya yi dariyarsa. Mako na uku sautin ya sunkuyo, sau ɗaya, sannan sau biyu. Nan take na kira wayarsa. Matarsa ce ta ɗauka. Ta ce ba ya iya magana sosai, amma yana ji, bari ta kanga masa a kunne.

Na aza wayar a gwiwata na fara. Da na iso wurin na ja iska, abin ya fito a miƙe. Na sake, haka. Ina jin numfashinsa ta wayar, yana jira. Na gwada sau biyar.

"Baba, ya gaji," in ji ta. "Ya ce a bari sai gobe."

Washegari da hantsi ita ce ta kira ni, ta ce ya cika.